Ranar Farko a Dawanau

Littafin da na haddace a jami'a ya ce
yaron da ke kauce wa ido yana da damuwa.
Gidado bai dube ni ba.
Ƙasa yake kallo, yana murza bakin riga.
Har na ɗaga biro.

Kakarsa ta ce, "Likita, a rugarmu
ɗan da ya kafe babba da ido
shi ake nema wa magani."

Na rufe fayil, na ture kujera,
na sauko tabarma.
Na tambaye shi sunan saniyarsa.
Shiru. Fanka na ta ƙara,
a titi 'yan adaidaita na rige-rigen fasinja.

Can ya ce, "Wule.
Ita suka fara korawa."

Ban rubuta ba.
Na ce, "Yaya kamanninta?"