Gwangwanin Ƙasa Daga Gandun Albasa

Tabawa ta ɗebo ƙasa a gwangwanin madara
daga gindin mangwaro, Gandun Albasa,
inda tsintsiya ba ta kai ba.
Ta juye a mazurari, ta rataya ƙwan fitila a bisa.
Kwana uku zafi na korar su,
ɗaya-ɗaya suna faɗawa kwalba.

Ta ce in kafa ido a madubi.
Ga su: dangin kaska, amma ba ruwansu da jini,
launin goro, ƙwayar gero ta fi su sau goma.
Ɗan jiya ƙafa shida gare shi,
sai ya yi saɓa ake cika masa takwas.

Su ke tauna ganyen da ya faɗi,
su mai da shi baƙar ƙasa,
ba lada, ba la'ada.

Na tuna Kasuwar Kurmi, da can kurmi ne,
yau siminti da takun dubbai.
Na ce, nasu ina suka koma?
Ta taɓe baki, ta rufe kwalba.

Da yamma a Kabuga na kauce wa tarin ganye,
mai Adaidaita na yi mini dariya.