Injin Alli

A Kumo, bayan ofishin shugaban makaranta,
akwai ɗakin koyon aikin hannu.
Kwaɗon ƙofarsa ya yi tsatsa,
mabuɗin yana aljihun wani
da aka yi wa canjin wurin aiki tun bara waccan.
Ta taga muke leƙen injin cikin ledarsa,
kamar baƙon da ba a yi wa sannu da zuwa ba.

Malam Buba Tukulma bai jira mabuɗi ba.
Ya zana mana inji da alli,
fistan a nan, fulogi a can.
Muka haddace sunayensu kamar karatu.
Amma injin allo ba ya shan mai,
kafin a tashi, tsumma ya cinye shi.

Ran Laraba sai ga shi da buhu a bayan babur:
fankar da ta daina juyawa,
rediyon surukarsa,
da injin ban ruwa na wani manomin Dadin Kowa
wanda ya ce, "In ya tashi, ladanku.
In bai tashi ba, dama matacce ne."

Sukundireba ɗaya, mu talatin da bakwai.

Ni na yar da noti a yashi,
sai da na tankaɗe rabin filin da rariyar mai ƙosai.
Rifkatu ce ta gano kafireto ta toshe.
Ta hura bututun, fetur ya cika mata baki,
ta tofar, ta ce a ja igiya.
Jan farko, shiru.
Na biyu, tari.
A na uku ya yi ruri
har malamin lissafi ya fito zai yi faɗa,
ya manta da faɗan, ya tsaya kallo.

Malam Buba bai tafa ba.
Ya dubi tafukanmu baƙi ƙirin,
ya ce, "Yau kun yi rubutu."

A jarrabawa an tambaye mu ma'anar inji.
Layi biyu, maki biyar.
Na ci uku.

Yanzu faifan sola nake ɗaurawa
a rufin mutane, daga Pindiga har Kashere.
Watan jiya na bi ta makarantar.
An sake fenti. Kwaɗon yana nan.
Amma a gindin dalbejiya yara sun yi da'ira,
Malama Rifkatu a tsakiya da nata buhun,
sukundireba ɗaya tana zagayawa
daga wannan hannu zuwa wancan.