Wanki Uku

Raɓa ta daskare jiya a bayan gida.
Ozella ta ce yanzu ganyen ya yi zaƙi,
sanyi ne ke kashe masa ɗaci.
Ba da baki ta faɗa ba,
baki ya karkace tun watan tara.
Da ido ta nuna mini taga.

Shekara arba'in da ɗaya ina cin kolad a gidan nan.
Na san shi a lambu,
kabejin da ya ƙi dunƙule kansa,
fatan-fatan kamar kunnen giwa.
Na san shi a faranti.
Tsakanin lambu da faranti kuwa
akwai hanyar da ƙafata ba ta taɓa bi ba.

Na tsinko runguma guda.
Na tura kujerarta kusa da murhu,
na sa cokalin katako a hannun da ya rage mata.
Bugu ɗaya a tebur: ci gaba.
Bugu biyu: Lemuel, ka ɓata.

Wankin farko, ruwa ya yi ja da ƙasar Alabama.
Na biyu, wata koriyar tsutsa ta taso
tana miƙa, kamar mun tashe ta daga barci.
Na kai hannu ga tukunya.
Ƙwas, ƙwas.
Sai na tuna ranar da na tauna yashi a gidan ƙanwata,
Ozella ta riƙe dariya har muka shiga mota,
ba ta sake ta ba sai da muka wuce gadar Selma.
Na koma famfo.
Yatsuna sun ƙage kafin ruwa ya fito garau.

Jijiyar tsakiya ake fara zarewa.
A jera ganye bisa ganye,
a naɗe kamar tabarma, a bi da wuƙa.
Nata yankan siriri ne, sak igiyar takalmi.
Nawa ya fito kamar an sa gatari.
Ta kalla, ta kalla,
cokali bai motsa ba.

Wuyan talo-talo mai banda ya riga mu shiga ruwa,
ƙamshin hayaƙinsa ya kai har baranda.
Albasa. Jan barkono. Ɗigon ruwan tsami.
Na jawo gwangwanin sukari,
don na taɓa jin matan coci na cewa ana sawa.
Ƙwas, ƙwas, ƙwas!
Ba mu yi da ita za a yi bugu uku ba,
amma na gane.

Ganyen ya yi tozo a tukunya, murfi ya ƙi zama.
Kafin in wanke wuƙa ya rusuna.
Abin da ya cika mini ƙirji
ya koma tafi biyu a gindin ƙarfe.
Na waiga na ga rigarta ta bara
tana lilo a kafaɗarta.
Na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Awa biyu wuta na ƙasa-ƙasa.
Burodin masara ya ƙone ta gefe ɗaya,
na juya ƙunar ta fuskanci wajena.

Romon shi ne maganar.
Da shi ta yi jinyar yara huɗu,
da ni, shekarar da aka rufe injin katako.
Na zuba a kofinta mai tsagaggen baki,
na tsoma burodi har ya yi laushi,
na hura, na kai.

Ta daɗe tana taunawa.
Agogon bango na ta aikinsa.
Ni ina kallon cokali,
ita tana kallon tukunya.

Sai leɓen ya yi rawa,
harshe ya yi ta laluben hanya
kamar baƙo a ɗaki mai duhu.

"Gishiri," in ji ta.

Wata huɗu ina roƙon Allah kalma ɗaya.
Na zaci sunana ne zai fara fitowa.

Na tashi na ɗauko gishirin.