Mai Karanta Saƙo

Rumfata tana bakin rijiya, a garinmu kusa da Matamaye.
Faifan sola ɗaya bisa zana, wayoyi ashirin na shan wuta.
Caji dala goma. Karatun saƙo kyauta,
sai dai abin da ido ya gani, baki ya haɗiye.
Mai gari na ƙirga kawuna,
ni ina ƙirga abin da ke shigowa.

Cima takan zo da hantsi, waya ƙulle a bakin zane.
"Duba mini, Illo, ta yi kuka da asuba."
Lambobi ne daga Tamanrasat, jika arba'in.
Ba ta yi guɗa ba. Ta ce in rage murya,
Barira na jan guga, kunnenta kuwa ba ya barci.

Bara ɗakin Cima ya sa hular kwano.
In ruwa ya sauko, duk unguwa na jin kiɗansa.
Ta sayi tunkiya, ta sayi amalanke,
ta kai autanta lakol a Damagaram,
ya dawo hutu da takalmi mai igiya
yana tsallake kashin shanu kamar baƙo.

Barira ma namiji ta haifa.
Mota ɗaya Mutari ya hau da Nomau ɗan Cima,
jarka ɗaya suka sha har Agadas.
Gonar fadama ce ta biya kuɗin motar.
Damina uku ke nan.
Kowace Laraba wayarta na zuwa caji,
in buɗe, in duba, ba kowa sai kamfani
yana cewa ta sa kati ta ci garaɓasa.
Nakan ce, "Rezo ne babu yau, Inna."
Takan ce, "To," ta aje dala gomanta.
Ni da ita mun san rezo cike yake.

Wa ya karɓi jinginar? Kuɗin Tamanrasat.
Ba mugunta a ciki, wallahi.
Da ƙafarta ta je, aka ba ta abin da ɗan kasuwa ba zai bayar ba.
Amma in ruwan shuka ya faɗi
Barira ce ke bin rami, tana rufe iri da diddige
a ƙasar da mijinta ya sassabe,
a auna mata tiya biyu da la'asar.

Tiya ma ta koyi girman kai.
Mai awo ya san makon da saƙo ke sauka,
ya ɗaga farashi bisa mai ɗa a waje da marar shi.
Da, fura da ganga ke nome gona.
Yanzu gayya ta kwanta dama,
hauya ba ta tashi sai ta ji ƙamshin jika.

Daren jiya Nomau ya aiko murya, tawa ni kaɗai.
Yana tari tsakanin kalmomi.
Ya ce siminti ya cinye masa tafin hannu,
a kangon gini suke kwana, takalmi a ƙafa, saboda samame.
Ya ce Mutari na da rai.
An kwaso su, an zube a bakin iyaka,
yana Arlit yana tura kurar ruwa,
kunya ta hana shi ko gaisuwa.
"Jika biyar na nan tafe. Ka ce wa Barira daga ɗanta ne.
Kada inna ta ji zancen tarin."

Yau na yi ƙaryar, ta fita sumul.
Barira ta zauna bisa turmin da nake zama,
ta juya takardar gaba da baya, ta ɗora ta a goshi.
Na zaci gun mai awo za ta nufa.
Sai ta ce in ba ta kati na ɗari biyar.
Ta miƙo wayar da hannu biyu:
"Kuɗi na gani, Illo. Kira mini lambar da suka fito.
Muryar nake so."

Guga na ta sauka, yana ta hawa.
Yatsana na bisa madanni.
Rezo cike yake.