Idon Zomo

A Brno, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa mai warin gam,
Bohumila tana ɗinka kyarkeci.
Darakta ya ce mugun fim ɗin nan
a ba shi fiƙa, a ba shi baƙin gashi,
yara su hango shi tun daga nesa su gane.
Ta ce to.
Shekara arba'in ke nan tana cewa to.

Ta ɗinka dila saboda mai wayo,
jaki saboda wanda ake ɗora wa laifi,
mujiya da tabarau ta zama alƙali.
Waya a ciki, auduga a bisa,
a gusa ƙafa, a ɗauki hoto,
a sake gusawa, a sake ɗauka,
wuni guda kafin 'yar tsana ta haye tebur.

Amma wanda ya kai sunan babanta
ofishin da ba a tambayar dalili
ba shi da fiƙa ko ɗaya.
Vendelin ne, mai gyaran agogo a hawa na uku,
hancinsa na rawa in yana magana,
shi ke fara gaisuwa a matattakala,
ya taɓa ba ta alewa a jar takarda.
Ran da mota ta zo da asuba
labulensa kaɗai ya motsa.

Zomo ne.
To wa zai yanki tikiti ya je jin tsoron zomo?

Dare ya yi, yaron shago ya tafi gida,
dusar ƙanƙara ta toshe rabin taga.
Ta jawo akwatin idanun gilashi,
ta ture masu ruwan ɗorawa gefe,
ta lalubo wasu biyu a can ƙasa,
zagayayyu, masu sheƙi kamar an gama kuka,
ragowar wani zomo da asu ya cinye.
Ta manna su a saman haƙoran.

Ranar nuni yara suka yi ihu,
suka yi dariya, suka jefi allo da gyaɗa.
Wani tsoho a layi na shida
ya sa hularsa ya fice tun ba a kai rabi ba.
Ba ta waiwaya ta ga ko wane ne ba.

Da safe darakta ya tsaya a bakin ƙofa:
kyarkecin nan ya hana ni barci,
me kika yi masa?

Tana zura zare a allura ta ce:
gam ne bai gama bushewa ba.