Gamba a Sama

Ƙarfe uku da kwata na dare a Lossiemouth,
ina juya dattijo Murdo zuwa hagu
don kada kwanciya ta ci masa baya,
sai gilashin taga ya ɗauki rawa.
Biyu ne. Kullum biyu suke tashi,
kamar 'yan aiken da ba a yarda da ɗaya ba.
Cokali ya kaɗa a kofi, ya yi shiru.

Bai buɗe ido ba, ya ce, "Baƙi a bakin shinge."
Shekara arba'in ya yi yana su a tekun nan,
ya san inda ruwan wani ya ƙare, na wani ya soma,
amma bai taɓa ganin kifi ya tsaya nuna takarda ba.

Can inda numfashi ke daskarewa,
ɗan wata zai jera fiffike da ɗan wata,
kurkusa har su ga hular juna.
Wannan ya karkata, ya nuna abin da ke rataye a cikinsa,
wancan ya ɗauki hoto.
Ba sallama, ba zagi.

Sai na tuna gonarmu.
Gamba Baba da Baffa Tanimu suka dasa a iyaka,
kowace damina sai ta matsa taku guda cikin dare,
ba a taɓa kama hannun da ya matsar ba.
Shekara goma sha ɗaya ba su haɗa kwano ba.
Yau taku uku ne tsakanin kaburburansu,
har yanzu ba wanda ya kai ƙara.

To su a sama me suka dasa?
Layi ne a takarda, a wani ɗaki marar taga,
gajimare kuwa bai yi makaranta ba.
Dinyoyin arewa na ƙetarowa duk kaka da surutunsu,
ba a tashi kowa ya tare su ba.

Gab da asuba rugugin ya dawo.
"Ɗaya," in ji Murdo, ya damƙe hannuna.
Muka jira.
Shayi ya huce, agogon bango ya yi ta saran shiru.
Na karanta abin da na iya a zuci,
ban san wa nake roƙa wa ba, namu ko nasu.

"Biyu."
Sannan ya sake ni.

Na rubuta a littafin aiki:
an juya shi sau uku, ya sha ruwa, ya yi barci.
Babu gurbin rubuta sauran.