Ranar da Teku Ya Shigo Ajinmu

Shekara goma sha tara ina riƙe da alli a Tudun Jukun,
ina zana teku a allo da guntun shuɗi,
in ce wa yara: ruwa ne mai yawa.
Su ce, ya kai Kubanni in ta cika ta batse?
In ce ya fi.
Su ce, Malam, da nawa?
Sai in juya in share allo,
don ni ma labari na ji.

Ran wata Laraba, an dawo daga tara,
Dakta Lantana ta sauka daga Samaru,
kwali a hammata, kwalba a naɗe cikin tsumma.
Ta buɗe baki, kalmomi suka fito sanye da kwat,
manya-manya, sun kasa shiga kunnen kowa.
Ilu ya fara gyangyaɗi.
Ta dube ni, gumi na bin goshinta:
"Malam, ni ruwan na sani. Yaran kai ka san su."

Muka zauna gindin darbejiya har la'asar,
tana faɗa, ina sassaƙewa.
Ta ce rana na ɗibar ruwa ta kai sama.
Na ce, tukunyar tuwo ke nan da murfinta.
Ta yi dariya, ta rubuta a littafinta,
ta ce ɗalibanta ma za su ji wannan.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
ko da hannun ya yi digiri uku.

Washegari aka kwance kwalba.
Kowa ya tsoma ɗan yatsa ya lasa.
Tanimu ya tofar, ya yamutsa fuska:
"Wa ya ɓata miyar nan haka?"
Aji ya kece.
Sahura ce ba ta yi dariya ba,
ta ce, in daga can damina take tasowa,
me ya hana masarar babanta jin gishiri?
Dakta ba ta amsa ba.
Faranti ta nema, ta zuba, ta ajiye a taga.
Ran Juma'a ruwa ya tafi abinsa,
ya bar farin gari kwance kamar an barbaɗa.
Sahura ta daɗe tana kallo.

Ni na ja layi a allo, ita tana kiran sunaye:
kwatar bakin makaranta ta miƙa wa Kubanni,
Kubanni ta miƙa wa Galma,
Galma ta bi Kaduna, Kaduna ta faɗa Kwara,
Kwara ta sauke kayanta a bakin teku,
har da ledarmu,
wadda kififiya ke haɗiyewa tana zaton kalaci.
Barau na riƙe da ledar ruwan da ya shanye.
Na ga ya dube ta,
ya cusa a aljihu, bai ce komai ba.

Sai ga Uwani da wuri guda uku
da ta kwanto daga tsohuwar jakar kakarta.
Dakta ta ɗora su a tafin hannu:
"Wannan ɗakin wata halitta ne a ƙarƙashin ruwa."
Ashe kakanninmu da teku suka sayi goro,
da shi suka biya kuɗin rini,
mu muna nan muna cewa ba mu san shi ba.

Har yau ban taka yashinsa ba,
albashi bai kai ni Ikko ba tukuna.
Kwalbar na cikin kabad, saura kwata,
Dakta ta yi alkawarin wata in ta sake tafiya.
Amma jiya hadari ya haɗo daga kudu,
ɗigon farko ya bugi kwano,
Ilu, mai barcin nan, ya ɗaga hannu:
"Malam, baƙonmu ya iso."
Na ajiye alli. Muka fita baranda.